Yadda za ka tantance maganar tsohon hadimi idan ya ce "Oga ne ya ba da umarni" a kan azabtar da tsararru

Muddin gwamnati tana kan kujera, maganar da ake ji a bakin na kusa da ita ita ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Shugaba bai sani ba, yara ne suka wuce gona da iri. Ranar da mulki ya ƙare sai karin maganar ya juya. Bafaden da ya yi shekaru yana rantsuwa cewa babu wanda aka taɓa a ɗakin tambayoyi sai ga shi a wani otal a Maitama ko Wuse ya tara 'yan jarida, ko yana ƙaddamar da littafi, yana cewa shi ɗan aike ne kawai, umarni daga sama ya zo. Wannan bayani na ɗan jarida ne, da lauya, da ma'aikacin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, da dangin wanda aka gana wa azaba, duk wanda irin wannan magana ta faɗo hannunsa kuma yake son sanin abin da zai yi da ita.

Tun farko ka riƙe wannan: maganar tsohon hadimi hujja ce, kuma garkuwa ce a lokaci guda. Hujja ce domin ya amsa da bakinsa cewa an yi abin, kuma yana wurin. Garkuwa ce domin ya tsara ta yadda laifin zai tashi daga kansa ya sauka a kan mutum ɗaya. Aikinka shi ne ka karɓi hujjar ka bincika ta, ka ƙi yarda a yi amfani da kai wajen riƙe masa garkuwar.

Fara da ainihin kalmominsa

Kada ka yi aiki da abin da aka ce ya ce. Nemi faifan hirar gaba ɗaya, ka rubuta shi kalma da kalma, har da tambayar da aka yi masa kafin ya amsa. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau. "Na ba da izini" daban, "na isar da izini" daban, "an ba da izini" daban. Mutanen da suka daɗe a gwamnati sun ƙware wajen zaɓen kalma, kuma a nan ne suke ɓuya.

Misalin da ya fi nuna haka ya faru a Amurka a ƙarshen watan Afrilun 2009. Ɗalibai a Jami'ar Stanford sun tare Condoleezza Rice, wadda ta kasance mai ba Shugaba George Bush shawara kan tsaro, suka tambaye ta game da azabar ruwa da hukumar leƙen asiri ta CIA ta yi wa tsararru. Wannan azaba ita ce a ɗaure mutum a kan katako, a rufe masa fuska da ƙyalle, a riƙa kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. Ta amsa cewa ita ba ta ba da izinin komai ba, izinin gwamnati kawai ta isar wa hukumar. Ta ƙara da cewa tunda shugaban ƙasa ne ya amince, to abin bai saɓa wa yarjejeniyar hana azabtarwa ba. Cikin jimla biyu ta mayar da kanta 'yar aike, ta kuma miƙa nauyin sama. Amma bayanan da kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan ƙasar ya fitar a wannan watan sun nuna cewa ranar 17 ga Yulin 2002 ita ce ta shaida wa shugaban CIA George Tenet cewa za su iya ci gaba da shirin tambayar wani tsararre mai suna Abu Zubaydah, muddin ma'aikatar shari'a ta ce halal ne a doka. Duk wanda ya ajiye kalmominta kusa da wannan kwanan wata zai ga cewa "isarwa" a irin wannan kujera aiki ne mai nauyi.

Idan kana da damar yi wa hadimin tambaya da kanka, kada ka tambaye shi ko shugaba ya sani. Zai ce i, shi ke nan ka tashi hannu rabbana. Tambaye shi ranar da aka yi maganar, a wane ɗaki, su wa ke zaune, da baki aka faɗa ko a rubuce, da wane harshe, wace kalma aka yi amfani da ita. A Najeriya da wuya babba ya ce "ku azabtar da shi". Abin da ake cewa shi ne "ku yi maganinsa", ko "ina son jin gaskiya kafin gobe", ko "kada ya yi barci sai ya yi magana". Ka sa ya faɗi jimlar kamar yadda ya ji ta, sannan ka tambaye shi abin da ya fahimta, da wanda ya kira bayan ya fita daga ɗakin, da abin da shi ya ce wa wancan. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wadda suka fi gudu, domin a nan ne hannunsa yake fitowa. Mai gaskiya yakan tuna ƙananan abubuwa da za a iya bincikawa, kamar cewa ranar an dawo daga tafiya, ko wane ne ya shigo da fayil. Mai ƙirƙira yakan tsaya a kan "kowa ya sani".

Me ya sa yanzu

Rubuta abin da ke faruwa da mutumin a makonnin da ya buɗe baki. An gayyace shi gaban kwamitin bincike? An kama wani abokin aikinsa? Ya sauya jam'iyya, ko yana neman takara, ko yana sayar da littafi? An yi masa alkawarin sassauci? Samun dalili na son kai ba ya nufin ƙarya yake yi, yana dai gaya maka inda zai iya ƙarawa da inda zai iya ragewa.

A Amurka bakuna sun buɗe ne bayan ranar 16 ga Afrilun 2009, lokacin da gwamnatin Obama ta saki takardun lauyoyin da suka halatta hanyoyin azabtar da tsararru, aka fara maganar gurfanarwa. Cikin watan Mayu tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya fito a talabijin ya ce wannan shawara ce ta matakin shugaban ƙasa, kuma Bush ya sa hannu. A Gambiya, a 2019, wasu daga cikin dakarun kisa na tsohon shugaban ƙasar Yahya Jammeh da ake kira Junglers sun tsaya gaban hukumar gaskiya da sasantawa suka amsa hannunsu a kashe-kashe, har da na ɗan jarida Deyda Hydara a 2004, suka ce umarnin Jammeh ne. Ba da daɗewa ba aka saki uku daga cikinsu daga tsare. Shaidarsu ta yi amfani ƙwarai, amma wanda zai auna ta dole ya san abin da suka samu a madadinta.

Muna da namu darasin a gida. Saja Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Saja Rogers, ya ba da shaida cewa da umarnin Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Janar Sani Abacha, aka kashe Kudirat Abiola a 1996. Wata babbar kotu a Legas ta yanke wa Al-Mustapha hukuncin kisa a Janairun 2012. A Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi, kuma cikin dalilan akwai cewa manyan shaidun gwamnati sun janye maganarsu ta farko. Duk abin da mutum yake tunani game da wannan shari'a, darasin aiki a fili yake: ginin da aka ɗora a kan bakin mutum ɗaya yana rushewa ranar da bakin ya juya. Saboda haka kada ka buga, kada ka shigar da ƙara, sai ka sami abin da zai tsaya ko da hadimin ya ce gobe bai faɗa ba.

Ka ƙara yin hattara idan shugaban da ake ɗora wa laifin ya mutu. Bayan rasuwar Abacha ranar 8 ga Yunin 1998, mutane da yawa da suka ci moriyar mulkinsa sun gano cewa komai shi kaɗai ya yi. Mamaci ba ya musu, don haka a irin wannan hali takarda da shaidar mutum na uku su ne kaɗai ma'auni.

Zana sarƙar, hannu bayan hannu

Azabtarwa da ta zama manufar gwamnati ba ta taɓa kasancewa aikin mutum biyu, mai umarni da mai bulala. Akwai wanda ya nemi izini, da lauyan da ya rubuta cewa doka ta yarda, da wanda ya sa hannu, da wanda ya fitar da kuɗin wurin tsarewa da abinci da man mota, da kwamandan wurin, da likitan da ke duba ko mutumin zai iya jure wani zagaye, da mai magana da yawun da ya fito ya ƙaryata. Samu babbar takarda ko shafin lissafi na kwamfuta, ka yi ginshiƙi shida: kwanan wata, abin da ya faru, wanda ya yi, muƙaminsa a ranar, daga ina ka samu, da ko akwai majiya ta biyu. Kada ka sa komai a jadawalin in babu kwanan wata, ko da wata da shekara ne kawai.

Dubi yadda na Amurka yake idan aka jera shi. Ranar 25 ga Janairun 2002 lauyan fadar shugaban ƙasa Alberto Gonzales ya rubuta cewa wasu tanade-tanaden yarjejeniyar Geneva, wadda ke kare fursunonin yaƙi, sun tsufa. Ranar 7 ga Fabrairu Bush ya sa hannu a kan takardar da ta ce yarjejeniyar ba ta shafi 'yan Alƙa'ida ba. Ranar 1 ga Agusta Jay Bybee na ma'aikatar shari'a ya sa hannu a kan takardar da John Yoo ya tsara, wadda ta ce ciwo ba ya zama azabtarwa sai ya kai irin na lalacewar wata gaɓa ta ciki ko mutuwa. A cikin wannan watan aka yi wa Abu Zubaydah azabar ruwa aƙalla sau 83. A Nuwamba wani tsararre mai suna Gul Rahman ya mutu saboda sanyi a wani wurin tsarewa na CIA a Afghanistan. Ranar 2 ga Disamba sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya amince da wasu hanyoyin tambaya na sansanin tsarewa na Guantanamo, har ya rubuta da hannunsa a ƙasan takardar cewa shi yana tsayuwa awa 8 zuwa 10 a rana, me ya sa aka taƙaita tsayuwar tsararru ga awa 4. A Maris 2003 aka yi wa wani tsararren, Khalid Sheikh Mohammed, azabar ruwa sau 183. Idan ka gama jerawa, duk wanda ya ce "shugaba ne" za ka iya nuna masa layin da sunansa yake.

Jadawalin yana kuma tona wani abu da ake yawan mantawa da shi, wato wanda aka hukunta. Bayan hotunan cin zarafin tsararru a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi sun fito a Afrilun 2004, ƙananan sojoji 11 ne kotun soja ta samu da laifi. Charles Graner ya sami shekara 10, Lynndie England shekara 3. Daga cikin waɗanda suka rubuta takardun ko suka sa hannu, babu wanda aka gurfanar. Laifin yakan gangara ƙasa lokacin da ake mulki, ya hau sama bayan an sauka, mutanen tsakiya kuwa su tsira sau biyu. Hadimin da ke gabanka kusan kullum ɗan tsakiya ne.

Inda takarda take ɓuya

Za a ce maka ba a rubuta irin wannan umarni. Gaskiya ne sau da yawa, amma aikin da umarnin ya haifar yana barin sawu, domin gwamnati ba ta motsi sai da fayil. Nemi littafin da ake rubuta abubuwan da suka faru kullum a ofishin 'yan sanda, da rajistar shiga da fitar tsararru, da jadawalin masu aiki na ranar, da saƙon waya na rundunar da ake kira sigina, da littafin fitar motoci, da takardun biyan alawus na "aiki na musamman", da katin asibiti, da rajistar ɗakin ajiye gawa. Rubutun gefe da manya ke yi a kan fayil, irin su "an gani" ko "a ci gaba", ya fi dogon jawabi daraja. Littafin baƙi na ƙofar ofis ma yana iya tabbatar da cewa wane ya shiga wurin wane a ranar da hadimin ya ambata.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, ta ƙara wasu takardun da za ka iya nema. Ta wajabta rubuta bayanan duk wanda aka kama. Sashe na 33 ya ce shugaban kowane ofishin 'yan sanda ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba da sammaci ba a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata. Sashe na 34 ya ce majistare ya ziyarci wuraren tsarewa aƙalla sau ɗaya a wata. Idan sunan mutum ba ya cikin rahoton watan da aka tsare shi, wannan giɓin kansa abin rubutawa ne.

Hanyar nema ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, ka ambaci dokar, ka faɗi takardar da kake so da sunanta da tsakanin kwanakin da ta shafa. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kai kwafi biyu da hannu, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan naka, domin daga wannan ranar ake ƙirga kwana 7 da doka ta ba su, kuma suna iya ƙara wasu 7. Idan suka ƙi ko suka yi shiru, kana da kwana 30 ka je kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana da tarar naira 500,000, lalata takarda da gangan kuma ɗaurin aƙalla shekara 1. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta "duk takardun da suka shafi azabtarwa". Amsar da za ka samu ita ce babu irin wannan fayil, ko kuma a fake da tsaron ƙasa. Nemi abu ƙarami mai suna, kamar rajistar tsararru ta wata kaza, ka aika wasiƙu daban-daban zuwa hukumomi daban-daban, har da ma'aikatar shari'a da asibitin da aka kai mutumin. Abin da wata hukuma ta ɓoye sau da yawa kwafinsa yana kwance a wata.

Maƙwabciyarmu Chadi ta nuna ƙarfin takarda. A 2001 masu bincike na Human Rights Watch suka tarar da dubban takardun 'yan sandan sirri na tsohon shugaban ƙasar Hissène Habré, wato DDS, a zube a tsohuwar hedikwatarsu a Ndjamena. Da aka tantance su, an sami sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu, da saƙonni 1,265 da aka aika wa Habré kai tsaye game da tsararru 898. Wani tsohon jami'in DDS, Bandjim Bandoum, ya ba da shaida a kotu a Dakar, kuma maganarsa ta yi nauyi ne domin takardun sun gaskata ta. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai.

Idan ka tarar an lalata hujja, bi sawun lalatawar. A Nuwamban 2005 CIA ta lalata faifan bidiyo 92 na tambayoyin tsararru bisa umarnin wani babban jami'inta, Jose Rodriguez. Wa ya ba da umarni, yaushe, bayan wane labari ya fito, duk tambayoyi ne da ke da amsa a rubuce.

Ya yi magana a lokacin?

Kusan kowane tsohon hadimi zai ce shi bai ji daɗin abin ba. Tambaye shi ina ya rubuta hakan. A gwamnatin Bush akwai waɗanda suka ƙi, kuma sun bar sawu. Sakataren harkokin waje Colin Powell ya rubuta ƙin amincewarsa da batun Geneva a Janairun 2002. Alberto Mora, babban lauyan sojan ruwa, ya matsa har Rumsfeld ya janye amincewarsa ranar 15 ga Janairun 2003. Jack Goldsmith na ma'aikatar shari'a ya janye takardar Bybee a Yunin 2004. Philip Zelikow na ma'aikatar harkokin waje ya rubuta takardar ƙin yarda a 2006, daga baya ya ce an yi ƙoƙarin tattara kwafinta a lalata, amma ta fito fili a 2012. Kasancewar waɗannan mutane ita ce ke karya maganar "babu yadda zan yi". Idan naka hadimin bai rubuta ba, bai nemi canjin wurin aiki ba, bai ajiye aiki ba, sai ma ƙarin girma da ya samu, sa wannan a jadawalin. Ka kuma nemo abin da ya faɗa wa jama'a a wancan lokacin. Tsofaffin jaridu da faifan rediyo suna nan, kuma sau da yawa za ka same shi yana ƙaryata abin da yau yake tabbatarwa.

Wanda aka azabtar

Cikin hayaniyar manya akan manta da mai tabon. Shi ne ya ga fuskoki, ya ji sunayen da ake kira, ya san ranar da "babban baƙo" ya zo. Kada ka karanta masa abin da hadimin ya ce kafin ka ji nasa, don kada ka gurɓata shaidar. Zauna da shi shi kaɗai a wurin da ya zaɓa, ka nemi izininsa a kan kowane abu daban: naɗar murya, ɗaukar hoto, ambaton suna. Mace ta yi hira da mace in ta fi son haka. Bar shi ya ba da labari yadda ya zo masa, ka bar tambayar kwanan wata zuwa ƙarshe, ka taimaka masa da alamomi irin su azumi, sallah, damina ko zaɓe. Ruɗewa a kan kwanaki ba alamar ƙarya ba ce ga wanda aka hana barci ko aka tsare a duhu.

Hoton tabo a ɗauke shi da rula a gefensa, cikin hasken rana, ɗaya daga nesa da ke nuna gaɓar, ɗaya daga kusa. A kai shi wurin likitan da ya san Ƙa'idojin Santambul na 1999 kan binciken alamun azabtarwa, waɗanda aka sabunta a 2022. Likita ba ya rubuta "an azabtar da shi". Yana faɗin matakin dacewar tabon da labarin, daga bai dace ba, zuwa ya dace, ya dace sosai, irin wanda aka saba gani ne, har zuwa babu abin da zai haifar da shi sai wannan. Rataya, da dukan tafin ƙafa, da shaƙewa da leda, da hana barci suna iya wucewa ba tabo a fata, don haka rashin tabo ba ya rushe magana.

Abin da doka ta ce wa su biyun

A nan garkuwar hadimi take karyewa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta 1984, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ta ce a sashe na 2 babu yaƙi ko dokar ta-ɓaci da ke halatta azabtarwa, kuma umarnin na gaba ba hujja ba ne. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta ta. Dokar hana azabtarwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Disamban 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta ce idan mutum ya mutu a tuhumi mai laifin da kisan kai. Ta ɗora laifi a kan wanda ya yi, da wanda yake wurin ana yi, da babban jami'in da ya ba da umarni, ta kuma haɗa da kwamandan da sakacinsa ya ba da dama. Ke nan "Oga ne ya ce" yana ƙara suna ne a takardar tuhuma ba tare da ya goge na mai faɗar ba. Tsohon ministan cikin gida na Gambiya Ousman Sonko ya yi aiki ne ƙarƙashin Jammeh, amma kotu a Suwizalan ta ɗaure shi shekara 20 a Mayun 2024. Ka lura cewa dokar 2017 ba ta komawa baya, don haka abin da ya faru kafin ta sai a bi ta dokokin laifuka na da da kuma ƙarar tauye haƙƙi.

Shi ma shugaban "ban sani ba" ba ta fitar da shi. Sashe na 28 na dokar Kotun Duniya ta Manyan Laifuka ya kama shugaban farar hula da ya sani, ko ya kau da kai da gangan daga bayanan da ke nuna abin da na ƙasa da shi ke yi, bai hana ba bai hukunta ba. Saboda haka ka tara duk rahoton da ya isa teburinsa: wasiƙar ƙungiyoyi, rahoton Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, labarin jarida da fadarsa ta mayar wa martani.

Wani lokaci hujjoji za su ci karo. Rahoton majalisar dattawan Amurka na 9 ga Disamban 2014, wanda ya ƙirga tsararru 119 da aƙalla 39 da aka yi wa waɗannan hanyoyi, ya ce bayanan CIA sun nuna ba a yi wa Bush cikakken bayanin hanyoyin ba sai Afrilun 2006. Shi kuwa Bush ya rubuta a littafinsa na 2010 cewa shi ya amince da su. Kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi ka binne ɗayar. Ajiye su biyun a gaban mai karatu, ka faɗi tushen kowacce.

Kafin ka buga ko ka shigar

Aika wa duk wanda za ka ambata tambayoyi a rubuce, har da tsohon shugaban ta hannun kakakinsa ko lauyansa, ka ba da wa'adi bayyananne, kamar kwana uku na aiki, ka ajiye shaidar aikawa. Raba abin da ka tabbatar da abin da aka yi zargi a cikin kowace jimla. Kanun labari kada ya tsaya a kan "wane ya tona asirin ubangidansa", domin wannan shi ne kanun da hadimin ya zo nema. Faɗi abin da ya amsa game da kansa a sakin layi na farko. Lauya ya karanta kafin a buga, saboda ƙarar ɓata suna da kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024.

Ƙorafi ana kai shi hedikwatar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, kyauta, ko a shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu ƙarƙashin ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, waɗanda ba su sa iyakar lokaci ba kuma suka yarda wani ya shigar a madadin wanda abin ya shafa. Kada ka miƙa wa kowane kwamiti asalin takarda, ba da kwafi ka karɓi rasit. Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam a Najeriya ya miƙa rahotonsa a Mayun 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005 daga kwafin da ke hannunsu. Ajiye naka kwafi uku a wurare uku, ɗaya a wajen Abuja, ka kulle na kwamfuta da kalmar sirri, sunayen shaidu kuma a takarda daban wadda ba ta tafiya tare da jadawalin.